Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin ikkilisiyoyin Arewa: ku dawo mana da wa'azin tashin matattu

Zuwa ga iyayenmu cikin Ubangiji, shugabannin Ƙungiyar Kiristocin Najeriya na jihohin Arewa, da shugabannin TEKAN (Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya), da bishop-bishop, da shugabannin ɗarikoki, da dukan rabaran da fada da fasto da ke riƙe da garken Almasihu a wannan yanki.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da aikin da Allah ya danƙa muku. Mun san nauyin da ke kanku ba ƙarami ba ne. Wasu daga cikinku sun biya kuɗin wannan kira da ransu. Ba mu manta da Rabaran Lawan Andimi na Michika ba, wanda aka kashe ranar 20 ga Janairu 2020. Ba mu manta da Fada Isaac Achi ba, wanda ya tsira daga bom ɗin Madalla ranar Kirsimetin 2011, sannan aka ƙona shi a gidansa na Kafin Koro a Janairun 2023. Don haka ku karɓi wannan wasiƙa a matsayin maganar 'ya ga iyayenta, ba ta mai neman faɗa ba.

Ni uwa ce a Zumuntar Mata ta wata majami'a da ke gefen garin Jos, malamar firamare da ta yi ritaya. Ina magana ne a madadin matan da muke zama tare ranar zumunta. Da yawansu gwauraye ne. Akwai waɗanda suka zo daga ƙauyukan Bokkos da Mangu da Riyom da Bassa, akwai na Kudancin Kaduna, akwai kuma na bayan dutsen Gwoza da suka fito tun 2014, 'ya'yan da suka goyo a hanya yau sun zama samari da 'yan mata. Su suka ce in rubuta, domin in sun tashi magana a taron majami'a akan ce lokaci ya ƙure.

Abin da ya tayar da maganar shi ne takardar shirye-shiryen Ista da aka karanta mana daga sama. An ce a gama sujada da wuri, kada a zo da manyan jakunkuna, a ajiye motoci nesa da ginin, a dakatar da fitar asuba zuwa kan dutse. An kuma faɗi kuɗin da kowace majami'a za ta aika. Ba mu da ja a kan batun tsaro. Duk wanda ya tuna bom ɗin da ya tashi a Kaduna ranar Ista ta 8 ga Afrilu 2012 ba zai ce an yi gaggawa ba. Abin da ya dame mu shi ne babu layi ɗaya a takardar da ya ce ga abin da za a faɗa wa macen da ta binne mijinta da 'ya'yanta biyu a rami ɗaya, kuma za ta zauna a benci ranar Lahadi ana cewa "Ya tashi!" ana jira ta amsa "Ya tashi hakika!" Wannan gurbin da aka bari a takarda shi ne wanda muka daɗe muna gani a kan bagade.

Kukanmu na farko a kan wa'azi ne, kuma a nan zan fi daɗewa, domin sauran duk daga nan suka tsiro.

Tashin Almasihu daga matattu ya zama baƙon shekara a majami'unmu. Yakan zo ranar Ista, mawaƙa su yi masa waƙa, a fita taron shaƙatawar da muke kira Galili ranar Litinin a ci shinkafa, shi ke nan sai baɗi. Sauran Lahadin shekara kuwa abin da muke ji shi ne "wannan shekara taka ce", "mutuwa ba rabonka ba ce", "maƙiyanka za su faɗi", "ka shuka iri a hannun bawan Allah ka ga buɗi". Ba kowane fasto ba ne, akwai masu tsayawa kan Magana, Allah ya saka musu. Amma wannan iska ta shiga har tsofaffin ɗarikokinmu da a dā ake cewa ba ruwansu da irin wannan. Kuma mun gane dalili. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 rayuwa ta yi tsanani, mutane na son jin labari mai daɗi, fasto kuma yana tsoron kada 'yan majami'arsa su koma wurin mai lasifika a ƙasan layi.

To amma ku duba abin da wannan wa'azi yake haifarwa. Wata 'yar'uwa daga wajen Bokkos, bayan harin Kirsimetin 2023 da ya ci rayuka fiye da 150, ta ja ni gefe ta tambaye ni ko mijinta ƙarancin bangaskiya ne ya kashe shi. Ta ce kafin harin an yi musu addu'ar dare, an ce duk mai bangaskiya harsashi ba zai taɓa shi ba. Mijin nata dattijon majami'a ne, shi ke buɗe ƙofa da asuba. An bar ta da baƙin ciki biyu: rashin miji, da zargin cewa watakila Allah ne ya ƙi shi. Wanda ya yi wancan wa'azi ya tafi abinsa, mu aka bar wa aikin ɗinke ɓarakar. Samarinmu kuwa nasu lissafin gajere ne. Sun ga an yi alkawarin kariya, kariyar ba ta zo ba, sai suka nemi wata hanya. Ku bincika ƙarƙashin rigar wasu 'yan ƙungiyar matasa, za ku tarar da guru da laya da maganin bindiga. Ba taurin kai ba ne. An sayar musu da bege irin wanda ke ƙarewa a bakin kabari, da suka isa bakin kabarin sai ya ƙare.

Manzo Bulus ya riga ya faɗa a 1 Korintiyawa 15 cewa in dai a wannan rai kaɗai muke sa bege ga Almasihu, to mun fi kowa zama abin tausayi. Ya ce in Almasihu bai tashi ba, wa'azin banza ne, bangaskiyar ma banza ce. Kun fi mu sanin wannan sura, kun yi jarrabawa a kanta a makarantun tauhidi na Bukuru da Kagoro da Gindiri da Kwarhi. Abin da muke tambaya shi ne me ya sa sai a wurin biso kaɗai ake buɗe ta, a lokacin da kunnen mai makoki ba ya ɗaukar komai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Begen da zai riƙe mutum a daren hari, tun da rana ake dasa shi, a makarantar Lahadi da ajin baftisma da nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako.

Ku tuna bidiyon da masu garkuwa suka sa Rabaran Andimi ya yi. Bai ce lalle zai fito ba. Ya nuna cewa bai karaya ba domin kowane hali mutum ya shiga yana hannun Allah, in Allah ya yarda zai sake haɗuwa da matarsa da 'ya'yansa, in kuma bai samu wannan dama ba, to watakila nufin Allah ke nan. Mutumin da ke magana haka da bindiga a bayansa, ba wa'azin buɗi ne ya raine shi ba. Haka Leah Sharibu, yarinyar da aka ɗauke a Dapchi ranar 19 ga Fabrairu 2018, aka sako ƙawayenta aka riƙe ta saboda ta ƙi barin bangaskiyarta. Muna sa hotunansu a allon taro, muna kiran sunayensu a jawabi, amma koyarwar da ta ƙera irinsu mun ajiye ta a kabad.

Akwai kuma wata rana da muke tsallakewa, wato Asabar ɗin da ke tsakanin Juma'a Mai Kyau da Lahadi. A ranar nan almajirai ba su san yadda labarin zai ƙare ba. Da yawa cikinmu a wannan Asabar muke zaune. An kwashe 'yan matan Chibok 276 a daren 14 ga Afrilu 2014, Litinin ɗin makon shan wuyar Ubangiji, kuma har yau akwai iyayen da ba su ga 'ya'yansu ba, wasu iyayen sun mutu suna jira. Akwai matar da aka ɗauke mijinta a hanyar gona, ta sayar da komai ta kai kuɗin fansa, wayar ta daina shiga. Ba ta da gawa, ba ta da labari. Ba ta san ko gwauruwa ce ko matar aure ba, majami'a ma ba ta san a wane layi za ta sa ta ba. Irin waɗannan ba sa buƙatar a yi musu tsalle zuwa Haleluya. Suna buƙatar fasto da zai iya tafiya da su kamar yadda Ubangiji ya yi da mutum biyun nan a hanyar Imuwasu: ya tambaye su abin da ke damunsu, ya bar su suka zazzage, har suka ce dā sun sa zuciya, sannan ya buɗe musu Nassi.

Kuka na biyu a kan yadda muke binne matattunmu ne. Na tsaya a bakin kabarin bai-ɗaya, kuma abin da na gani ya saba wa abin da muke furtawa a Shahadar Manzanni cewa mun gaskata da tashin jiki. An kafa rumfa, manyan baƙi na zaune a inuwa, iyalan mamatan na tsaye a rana. Mai girma wane ya yi jawabi, wakilin wane ya yi jawabi, aka yi alkawarin cewa ba za a sake ba. Da mata suka fara kuka sai mai gabatarwa ya ce a yi shiru, Kirista ba ya kuka kamar marar bege. Iyayenmu, ayar ba ta ce kada a yi baƙin ciki ba. Bulus ya gaya wa Tasalonikawa kada baƙin cikinsu ya zama irin na waɗanda ba su da bege. Yesu da kansa ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, alhali ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci. Kukan da aka hana a bakin kabari ba ya ɓacewa. Yana komawa ciki ya zama hawan jini, rashin barci, duka ga yara, ko kwalbar ogogoro.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba a karanta sunayensu ba. An ce mutum kaza ne, aka yi addu'a, aka tura ƙasa. A Zike ta ƙasar Bassa, a daren Lahadin Ganyen Dabino na Afrilun 2025, an kashe mutum fiye da 50, kwanaki kaɗan bayan an kashe wasu da dama a ƙauyukan Bokkos. Kowannensu yana da suna, da sunan da uwarsa ke kiransa, da gonar da ya share yana jiran ruwa. Maryamu Magadaliya ba ta gane Ubangiji a bakin kabari ba sai da ya kira sunanta. In mun gaskata cewa zai kira kowa da suna a ranar ƙarshe, bai kamata ikkilisiyarsa ta zama wurin da mutum ke komawa lamba ba. Rashin rubutun kuma yana da illa a nan duniya. Hukuma ta faɗi adadi, jama'ar gari su faɗi wani, jarida ta faɗi na uku, a yi ta musu har maganar ta mutu. Ranar da za a nemi diyya ko a shigar da ƙara, babu takardar da za a ɗora a kan tebur. Kuma ikkilisiya ce ta fi kowa damar yin wannan aiki, domin tana da rajistar baftisma da ta aure a ƙauyukan da ko ofishin 'yan sanda babu.

Na uku, abin da ke biyo bayan biso. Mako na farko akan kawo buhunan masara da barguna, a ɗauki hoto. Wata na uku ba kowa. A lokacin ne dangin miji ke zuwa su ce gona tasu ce. A lokacin ne ake koro yaro daga makaranta saboda kuɗi, wani lokaci ma makarantar ta ikkilisiya ce, wadda uban yaron ya ɗauki bulo a ka aka gina. A lokacin ne yarinya 'yar shekara goma sha uku ke tafiya aikatau birni wurin wanda ba a sani ba. Ana cikin haka sai a karanta sanarwar gudummawar sabon gini, ko motar shugaba, ko bikin cika shekaru. Ba mu ce kada a yi gini ba. Amma ku duba yadda Bulus ya tsara wasiƙarsa: yana gama babbar surar tashin matattu, yana gama yi wa mutuwa kirarin ina nasararta, maganar da ta biyo baya nan take ita ce tara gudummawa kowace ranar farko ta mako domin matalautan tsarkaka na Urushalima. A wurinsa babu tazara tsakanin kabarin da ba kowa da tukunyar gwauruwa. Ubangiji ma da ya tayar da 'yar Yayirus, cewa ya yi a ba ta abinci. Da ya tashi ya tarar da almajirai sun kwana suna fama a teku, sai da ya gasa musu kifi suka karya kafin ya yi wa Bitrus maganar kiwon tumaki. Ikkilisiyar farko kuwa, da aka yi gunaguni cewa ana manta wasu gwauraye wurin rabon abinci, ba ta ce su yi haƙuri ba. Ta zaɓi mutum bakwai ta ɗora musu aikin.

Ista a ƙasarmu tana faɗowa ne a bakin damina. Kowace manomiya ta san cewa ko yunwa ta kai ina, ba a cin iri. Ana ɓoye shi, a zuba shi a ƙasa kamar an yi asara, domin an san abin da zai fito. Da wannan Bulus ya kwatanta jikin da muke binnewa. To, waɗannan mata sun rasa irin nasu, an ƙone rumbu, an ƙone dankalin da aka ajiye domin shuka. Wadda damina ɗaya ta wuce ta, ta zama mai roƙo har shekara ta zagayo. Annabi Irmiya ya sayi gona a Anatot da shekel 17 na azurfa a lokacin da sojojin Babila ke kewaye da Urushalima, ya sa aka adana takardar cinikin a tulu, domin ya gaskata za a sake sayen gidaje da gonaki a ƙasar. Wa'azin tashin matattu da ba ya zuwa da buhun iri da taki a watan Afrilu, a kunnen waɗannan mata rabin wa'azi ne.

Kuma ba sai mun je nesa neman misali ba. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta faro a ƙarƙashin tsamiya a Garkida a 1923, ta ga Boko Haram ta mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi a ƙarshen Oktoban 2014. Shugabanninta suka yi hijira zuwa Jos, 'ya'yanta suka watsu har sansanin Minawao a Kamaru, inda suka ci gaba da taruwa suna sujada. Daga baya ta koma gida, ta yi bikin cika shekara 100 a 2023. Waɗannan 'yan'uwa sun koyi abubuwa da yawa game da raba iri, sake rufin gidaje, da zama da waɗanda abin da suka gani ya hana su barci. Me ya hana sauran ɗarikoki su zauna a gabansu su koya, maimakon kowa ya fara daga farko duk ranar da wuta ta iso ƙofarsa?

Na huɗu yana da wuyar faɗi, amma ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Maganar ramuwa ce. Ranar 14 ga Agusta 2021 an tare matafiya Musulmi a hanyar Rukuba a nan Jos, suna dawowa daga Bauchi, aka kashe fiye da 20. A Yunin 2025 an kashe 'yan ɗaurin aure daga Zariya a yankin Mangu bayan sun ɓata hanya. Waɗannan mutane ba su ƙona ƙauyen kowa ba. Su ma sun bar gwauraye da marayu. Mun ji an yi Allah wadai a jarida, amma a kan bagade, inda samarinmu ke zaune, maganar takan zo a gurguje ko ba ta zo ba sam. Yaron da ba a koya masa cewa akwai ranar tashi da ranar shari'a ba, zai ɗauka in bai rama da hannunsa ba jinin ubansa ya tafi a banza. Ubangiji da ya tashi bai nufi gidan Bilatus ba, bai nemi waɗanda suka buga ƙusa ba. Ya shiga ɗakin da almajirai suka kulle saboda tsoro, ya ce salama a gare su, ya nuna musu hannuwansa da kwiɓinsa. Tabon yana nan, bai ɓoye shi ba, ya bar Toma ya duba. Gafara irin tasa ba ta share shaidar laifi.

Shi ya sa ba ma son a fassara mana gafara da yin shiru. A tsare gari bisa doka, a bi sawun masu laifi, a tsaya a kotu har a yanke hukunci. Kuma a riƙa faɗa wa yaranmu dukan labarin. A faɗa musu cewa Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa a Yunin 2018, ya tsaya a gaban masu bindiga ya ƙi ba da su. A faɗa musu cewa a Zamfara da Katsina da Sakkwato maƙwabtanmu Musulmi na binne nasu a jere kamar yadda muke yi, kuma bom ɗin Babban Masallacin Kano na Nuwamban 2014 bai tambayi kowa addininsa ba. Yaron da ya san wannan zai yi wuya a mayar da shi makami.

Na ƙarshe gajere ne. Masu bishara da ƙananan fastocin ƙauye su ne ke tattara gawa, su wanke, su binne, su koma su kwana a majami'ar da ba rufi, wani lokaci da bashin albashin watanni. Ba wanda ke tambayarsu yadda suke barci. Sannan sujadar Hausa ta zama 'yar bora a majami'un birni: gwanin mai wa'azi na sujadar Turanci ne, ta Hausa kuwa duk wanda aka samu. Alhali 'yan gudun hijira da tsofaffi da gwauraye a ta Hausa suke zama, kuma tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki a wannan harshe.

Ga abin da muke roƙo.

Ku ba da umarni a dukan majami'un da ke ƙarƙashinku cewa daga Ista zuwa Fentikos, Lahadi bakwai, a yi koyarwa a kan tashin Almasihu da tashin jiki, da Hausa da harsunan gida, Berom da Ron da Irigwe da Mwaghavul da Bura da Margi da Atyap da sauransu. Makarantun tauhidinmu su shirya darasin cikin harshe mai sauƙi, yadda mai bishara a ƙauye zai iya ɗauka ya koyar. Ku kuma tsawata a fili, ba a ɗakin taro ba, wa duk mai wa'azin da ke yi wa mutane alkawarin cewa harsashi ba ya taɓa mai bangaskiya, ko yake sayar da mai da ƙyalle da sunan kariya.

Ku buɗe littafin sunaye. Kowace gunduma ta rubuta waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace: suna, shekaru, ƙauye, rana, da waɗanda suka bari. A ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. A karanta sunayen a majami'a ranar Asabar ɗin da ke gaban Ista kowace shekara, a haɗa da na waɗanda ba a san inda suke ba. A wurin biso kuma, iyalan mamata su zauna a gaba cikin inuwa, a kira kowane suna kafin kowane jawabi, ɗan siyasar da ya zo ya zauna a matsayin mai ta'aziyya.

Baikon ranar Ista gaba ɗaya, muna roƙo a keɓe shi domin gwauraye da marayu da 'yan gudun hijira, kada a taɓa shi domin gini ko ofis. A sayi iri da taki su isa hannu kafin ruwa ya zauna. A sanar da abin da aka tara da yadda aka kashe, a manna a allon majami'a. Makarantun ikkilisiya su ɗauke kuɗin makaranta ga 'ya'yan waɗanda aka kashe. Lauyoyin da ke cikinmu, kuma suna da yawa, a tsara su su riƙa tsaya wa gwauruwa a kan gadonta, su kuma bi shari'ar hare-hare har ƙarshe.

A kwamitin da zai riƙe wannan kuɗi da wannan littafi, ku sa matan zumunta, da gwauraye a cikinsu, su zama masu sa hannu, ba masu dafa wa taro abinci kaɗai ba. Mu ne muka san wadda ta kwana ba ta ci ba, da wadda ta daina zuwa sujada saboda ba ta da zane. Mata ne aka fara aika da labarin tashin, almajirai suka ɗauka tatsuniya ce. Kada a maimaita.

Ku ware lokaci da kuɗi domin fastocin ƙauye su huta, a saurare su, a biya su haƙƙinsu. Ku kai ta'aziyya gidajen Musulmin da aka kashe wa 'yan'uwa a ƙasarmu, ku tafi da shugabannin matasa su gani da idonsu. Inda tsaro ya hana fitar asuba zuwa dutse, a yi ta a harabar majami'a ko a sansanin 'yan gudun hijira, kada a soke ta kawai. Kuma a wannan Ista, muna roƙon kowane babba a cikinku ya bar babbar majami'ar birni ga mataimakinsa, ya je ya yi sujada ya raba Jibin Ubangiji a ɗaya daga cikin ƙauyukan da aka ƙona.

Muna neman ku ba mu rana kafin makon Ista, wakilan Zumuntar Mata daga kowace ɗarika su zauna da ku a kan waɗannan batutuwa. Za mu zo da sunayen da muka riga muka fara tattarawa a littafin zumuntarmu, domin aikin ya samu mafari.

Allah ya ƙara muku lafiya da hikima, ya tsare ku a fita da shiga.

'Yarku cikin Ubangiji,
wata uwa a Zumuntar Mata, a madadin 'yan'uwanta gwauraye da 'yan gudun hijira,
Jos, Jihar Filato.